Matar Da Ke Sheƙa A Bayan Mawaƙi

Ku gyara zama. Wannan ba tatsuniya ba ce, domin waɗanda abin ya faru da su suna nan da ransu. Ɗaya ga ta tana ba ku labari. Ɗaya kuma tana can bayan masallaci, gida na uku, tana jiran a kai mata abin da na ce don ta ƙaryata ni.

Akwai wani mawaƙi da nake so. Ba zan kama sunansa ba, kada a ce tsohuwa ta zama sanƙirarsa. Mutane suna mamakin yadda mace mai shekaruna, wadda ko kan allo ba ta daɗe ba balle boko, take bin hotunan waƙa ɗaya bayan ɗaya. To ni ba rawa nake kallo ba. Muryarsa nake saurare, idona kuma yana kan abin da ke bayansa. Tun daga kaset ɗinsa na fari har na bana babu wanda ya wuce ni, kuma kowanne ina da abin cewa a kansa.

Na farin a gabanmu aka ɗauke shi. Lokacin girbin shinkafar rani ne, zafi ya kai zafi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa yana sauri ya kwashe kafin ruwan sama ya riske shi. Maza suna buga dami a jikin durom, mu mata muna sheƙa a kan tamfol a bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani. Sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya, mutum huɗu suka fito. Ɗaya siriri ne, wuyansa kamar na balbela, da 'yar riga mai ruwan ƙasa wadda ko guga ba ta gani ba. Suka yi sallama, suka roƙi mai gona ya bari su tsaya a gefe. Aka kunna rediyo, siririn ya riƙa buɗe baki yana bin waƙar, wani yana binsa da abin ɗaukar hoto a kafaɗa. Muka kalle su kaɗan, muka koma kan aikinmu, don iska ba ta jiran mai kallo.

A kan tamfol ɗaya muke ni da taubashiyata. 'Yar kawuna ce, wata uku ta ba ni. Tun muna yara take kirana baiwarta, tunda ita 'yar namiji ce ni 'yar mace, ni kuma in ina son in ba ta haushi sai in ce mata uwar ɗakina. Tsawonmu ɗaya, jikinmu ɗaya. Ranar kuma, da yake Allah ya tsara rigima, atamfa iri ɗaya muka ɗaura, ankon wani biki da aka yi a Bunkure ta tsufa muka mayar da ita ta aiki. Karɓa-karɓa muke yi: ɗaya ta ɗaga ƙwarya sama tana zubowa iska tana kwashe ƙaiƙayi, ɗaya tana durƙushe tana cikowa tana miƙa mata. In hannu ya gaji mu sauya.

Bayan sallar layya aka yi suna a gidan maƙwabcinmu mai janareto. Da la'asar aka fito da talabijin tsakar gida, aka sa kaset, irin faifan nan mai walƙiya. Sai ga siririn nan, sai ga kanal ɗinmu, sai ga durom. Gida ya ɗauki ihu. Can a tsakiyar waƙa ya ɗan matsa gefe, sai ga mace a bayansa, ta juya baya, ta ɗaga ƙwarya sama, shinkafa tana zuba, ƙaiƙayi yana tashi cikin hasken rana kamar garin zinariya. Bai wuce a ja numfashi uku ba aka ɗauke ta.

Na ce, "La! Ga ni can!"

Taubashiyata ta ce, "Ke wa? Baiwa ta samu wuri. Ni ce nan."

"Uwar ɗakina, yaushe hannunki ya taɓa miƙewa haka? Ke da kike sheƙa kamar mai ba kaji tsaba?"

Mata suka ce wa mai gidan, "Mayar mana baya, Malam, mayar mana baya!"

Aka mayar sau biyar. Fuska ba ta fito ba. Zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa ba a ganin komai, saboda wani rubutu da ke tafiya a ƙasan hoton ba ya tsayawa, wai tallar masu sayar da kaset ɗin ce. Aka tashi ba a raba gardama ba, kuma shekara ashirin da ɗoriya ba a raba ta ba.

Bari in faɗa muku ra'ayina a kan wannan kaset na fari, ba don ina ganin ina ciki ba. Ni a wurina hoton waƙa na ƙwarai shi ne wanda in ka kalla za ka san wane wata ake ciki. Wannan ko baƙo ya gani ya san ƙarshen rani ne. Ga gumi a wuyan mawaƙi, ga hadari a bayansa. Har akuya ta ratsa ta gabansa tana jan igiya, babu wanda ya kore ta, shi ma ya ɗan kauce mata bai fasa waƙarsa ba. Waƙar ta manomin rani ce da yarinyar da ke kawo abinci gona, kuma duk wanda ya kalle shi ya yarda zai iya cin abincin nan a gindin bishiya ya sha ruwan randa.

Sai Allah ya ɗaukaka shi. Ya yi ƙiba, wuyan balbela ya tafi. Hotunan suka koma birni, cikin wani gida mai kujeru kamar an shafa musu man shanu. Ban ƙi mutum ya ji daɗi ba. Abin da ya dame ni sauya riga. Baki bai rufe daga baiti ba, riga ta sauya. Wata rana na zauna da gyaɗa a gefen zane, duk sauyi in ajiye ƙwaya ɗaya. Da waƙa ta ƙare na samu tara. Na ce wa surukata, wannan bawan Allah ko dai waƙa yake yi ko dai ɗinki yake talla. Ga 'yan mata a jere suna zagaya furannin da ba sa 'ya'ya. Ga ruwa yana tsartuwa daga ƙasa yana komawa inda ya fito, ba ya shayar da ko tushen albasa, alhali mutanen ƙarshen kanal suna kwana uku suna jiran layin ban ruwa ya zo kansu. A cikin gidan nan babu rani babu damina. Muryar dai tana nan, shi ya sa ban yi fushi na tafi ba.

A wannan zamanin ne kaset ɗin farin ya lalace. Ya karce, ya riƙa tsayawa daidai kan akuya. Na'urar ma ta mutu, aka daina yayinta, waƙa ta koma cikin waya. Maƙwabcin namu ya huda kaset ɗin ya rataye shi a gona tare da 'yan uwansa, suna walƙiya a rana suna korar jan-baki daga shinkafa. Shaidarmu kenan ta tafi gadin tsuntsu. Aka nema a wurin masu tura waƙa a kasuwar Kura, suka ce sautin yana nan, hoton ne babu.

Da shaida ta ɓata, sai magana ta koma hannun wanda ya fi iya baki. Nan kuwa ba yabon kai ba, taubashiyata ba ta kama ƙafata. Ita in za ta ba da labari sai ta fara daga ƙarshe, ta tsaya gardamar ko Talata ce ko Laraba, kafin ta dawo kowa ya watse. Ni kuwa nakan fara daga hadarin gabas, in kawo motar, in kawo akuyar, in ɗaga hannu in nuna yadda ƙwarya ta tsaya a sama. Jikoki suka haddace. Amaren da aka kawo garin suka tarar da shi. Aka sa min suna Kakar Kaset. In an je biki Madobi ko Dawakin Kudu sai a nuna ni da baki, a ce waccan ta taɓa fitowa a waƙar wane. Zan faɗi gaskiya, abin yana min daɗi. Zan ƙara faɗar wata gaskiyar: labarin ya riƙa ƙiba kamar mai waƙar. Har ya kai ina cewa ya durƙusa ya gaishe ni kafin su tafi, alhali hannu kawai ya ɗaga wa jama'a. Amma cewa ni ce a hoton, wannan har zuciyata na yarda da shi.

Taubashiyata ba ta taɓa sallamawa ba. Duk inda aka kira ni da sunan nan sai ta ce, "Kakar ƙarya dai. Baiwa ta sace zanen uwar ɗakinta ta tafi kasuwa da shi."

Shi kuwa mawaƙi sai ya bar gidan kujeru ya hau sama. Wannan shi ne zamanin da na fi ƙi. Yau ga shi a kan gajimare, gobe a bakin teku, jibi a wata ƙasa mai farin abu kamar an zubar da gari. Na ƙura ido na ƙura, sai na ga abin da ya tayar min da hankali: mutumin ba shi da inuwa. Na kira autata, wadda ke aure a Garun Mallam, na ce ta bincika ko lafiya yake, don ni ban taɓa ganin ɗan Adam a tsaye cikin rana ƙasa ba ta san da shi ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Inna, a ɗaki yake tsaye gaban koren ƙyalle, daga baya ake liƙa masa tekun." Na ce to ai gara gidan kujerun, ko ba komai kujerar ana zama a kanta. Muryar ma a lokacin sun bi da ita ta cikin inji, ta riƙa fita siririya tana rawa kamar sauro a cikin kwalba. Shekara biyu ina sauraronsa ido a rufe.

Daga baya ya sauko ƙasa, ya dawo gona. Suka zo da ɗan jirgin nan mai ƙugi da ke ɗaukar hoto daga sama. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba duk tsawon rayuwata: ƙasarmu daga inda shaho yake ganinta. Gonaki falle-falle kamar an shimfiɗa tabarmi, kanal ya miƙe yana sheƙi, ƙananan hanyoyin ruwa sun rabu daga jikinsa, ga jan tumatir da aka yanka aka shanya a gefen hanya, ga shanun Fulani sun jeru a kan gaɓa. Na sa aka maimaita min har cajin waya ya ƙare. Saboda wannan na yafe masa gajimare. Sai dai da jirgin ya sauko kansa, ga shi cikin farar shadda mai sitaci, ya riƙe lauje kamar cokali, yana yankan shinkafar da ko madara ba ta gama yi ba. Na ce kaico, ko gonar wa aka ɓata. Wata dai an san wanda ake ciki, shi ne bai sani ba.

Duk wannan ni kaɗai nake kallo, in je in ba taubashiyata labari, domin idonta ya dushe. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, har ya zama haske da duhu kawai take rarrabewa. Bakin dai bai dushe ba. In na shiga da sallama sai ta ce, "Wa nake ji kamar baiwata? Zo ki faɗa min yau riga nawa angonki ya sa."

Ranar wata Juma'a autata ta zo da hantsi, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Inna, mutuminki ya sake tsohuwar waƙar nan. Kuma da tsohon hoton ya buɗe, an wanke shi tas, babu rubutun nan na ƙasa."

Ta miƙo waya. Na kau da kai. Na ce, "Kada ki kunna. Ɗauko min takalmina. A gaban mai gardama za a kunna shi, da shaidu."

Haka na tafi ina taku kamar mai zuwa karɓar sarauta. Muka tarar da surukanta suna turara shinkafa, tukwane biyu a kan wuta, tsakar gida duk ƙamshin gumin shinkafa. Ita tana kan tabarma a inuwar ɗaki. Kafin a jima mata sun cika gidan, don labari ya riga mu isa.

Na ce, "Uwar ɗakina, yau ƙarya ta ƙare."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe za ki tuba kafin ki mutu."

Aka kunna. Ga kanal, ga durom, ga siririn yaro da rigarsa mai ruwan ƙasa, har na ji tausayinsa. Ga akuya. Ya matsa gefe, ga matar. Autata ta dangwala yatsa, hoton ya tsaya cik, ta sa yatsu biyu ta buɗe shi har matar ta cika waya. Mata suka yi caa a kai.

"Wallahi bayan Kaka ne."

"Ke dai, kafaɗar ta Iya ce," in ji wata, tana nuna taubashiyata.

"Fuskar fa ba ta juyo ba."

Su suna neman fuska. Ni idona ya sauka ƙasa, wurin da rubutu ya rufe shekara da shekaru. Ƙafar hagu tana tsaye. Ta dama kuwa ta miƙe gefe, babban yatsa da mai bi masa sun cafke bakin tamfol sun danne shi don kada iska ta ɗaga.

Duk matan da na yi sheƙa da su a duniya, dutse suke ɗorawa a bakin tamfol. Mutum ɗaya ce take kama shi da yatsun ƙafa. Tun muna 'yan mata nake mata tsiya a kai, ina ce mata mai ƙafar biri. Yaran da ke tsaye a wurin babu wadda ta san wannan, don ta bar zuwa sheƙa tun kafin a auro su. Ko sun ga ƙafar ba za ta ce musu komai ba.

Taubashiyata ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina. Ba da wasa ta yi maganar ba, kuma ba ta ce baiwa ba.

Ta ce, "'Yar uwa, su ba su san mu a lokacin ba. Ke ce idona yau. Me kika gani?"

Da na ce ni ce, da an yi guɗa an tashi, in koma gida da sunana har kabari. Na duba hoton na sake dubawa, ko yatsun za su saki tamfol. Ba su saki ba. Na tuna duk bikin da aka nuna ni tana zaune a gefena.

Na ce, "Na ga ƙafar biri."

Sai ta ce, "Ta kama tamfol?"

"Ta kama shi kamar za a ƙwace mata."

Ai sai tsohuwar nan ta rangaɗa guɗar da ban san tana da sauran ta ba, har kaji suka watse. Ta lalubo hannuna ta riƙe tana girgizawa, tana dariya hawaye yana zuba. "Ku shaida! Ku shaida baiwa ta dawo da zane! Shekara ashirin tana yawo da bayana a gari!"

Na zauna a bakin tabarma, na ce a ba ni ruwa. Wata daga cikin surukan ta ce, "To yanzu wa za mu riƙa kira Kakar Kaset?" Na ce su tambayi mai shi.

Da dariya ta lafa, taubashiyata ta share ido ta ce wa autata, "Ke 'yar nan, in ni ce a tsaye, ai ba aljani ne yake ciko min ba. Duba gefe, ƙasa-ƙasa, wajen hannun hagu."

Autata ta ja hoton gefe. Can a ƙarshensa, inda ya yanke, ga hannu ya shigo daga gwiwar hannu zuwa yatsu, yana miƙo ƙwarya cike da shinkafa. Ƙwaryar tana da tsaga a baki, an ɗinke ta da zare, ɗinki biyar. Ni na ɗinke ta da hannuna. Tana nan rataye a ɗakina har yau, ina zuba iri a ciki.

Autata ta ce, "Inna, ga ƙwaryarki!"

Taubashiyata ta ce, "To kin gani. Kowa da matsayinsa. Uwar ɗaki a tsaye, baiwa a durƙushe tana miƙo mata. Ko na'ura ta san asali."

Sauran sabon hoton na kalle shi daga baya. Ya yi furfura a gemu, ya zauna a kan durom da riga ɗaya tun daga farko har ƙarshe, inuwarsa tana kwance a gefensa. Bai taɓa lauje ba, Allah ya yi masa albarka. A bayansa ana dashen shinkafa, mata sun sunkuya cikin ruwa, kowa ya gani ya san watan. A cikin duk na bayan nan shi na fi so, ko da yake babu akuya.

Sunan ya koma gida na uku bayan masallaci. Sai dai mai sunan har yanzu ba ta iya ba da labarin ba. Ranar sunan jikar maƙwabta aka taru aka ce ta faɗa, ta fara da guɗar da ta yi, ta koma kan ko Talata ce ko Laraba, yara suka fara zamewa. Sai ta daki tabarma ta ce, "Ina baiwata? Zo ki faɗa musu yadda na tsaya."

Na matso na fara daga hadarin gabas. Na kawo motar, na kawo akuyar, na ɗaga mata hannu sama yadda ya kamata. Da na zo kan mai miƙo ƙwarya na ɗan daɗe a wurin, na faɗi yadda aka ciko ta daidai baki ba ta zube ba, na faɗi ɗinkin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce in wuce, ba labarin hannu aka zo ji ba.